Hajiyarmu da kallon daren Asabar da Lahadi: ina neman shawara

'Yar Misfala, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suke zaune gida ɗaya da iyayensu tsofaffi, musamman a nan Saudiyya, a kan mahaifiyarmu da yadda kallon talabijin ya zama shi ne yake raba mata kwanakin mako.

Hajiya ta haura shekara 70. A Kano aka haife ta, ta zo Makka tana amarya, a nan ta haife mu duka. Tun bayan rasuwar mahaifinmu, ga kuma ciwon gwiwa da ya hana ta yawan fita, makonta ya ɗauki tsari guda wanda ba ya canzawa. Da ta idar da sallar Asuba sai a kunna mata tashar Alƙur'ani da take nuna Harami kai tsaye, a rage sauti, ta zauna a kan darduma da carbinta tana kallon masu ɗawafi har rana ta fito. Tsakanin gidanmu da Harami ba wata tafiya ba ce, amma yanzu ta akwatin nan take ganinsa. Tana gane limamai da murya, da zarar an yi kabbara za ta ce wannan Sudais ne, ko Mahir ne, ko Bandar Balila, kuma ba kasafai take kuskure ba. Ranar Juma'a, idan liman ya hau mumbari, babu mai yin magana a falon, ko da jikanta ne ya zo neman ruwa. Sauran ranakun, bayan La'asar, takan bar wasan Indiya mai fassarar Larabci a Zee Alwan yana ta yi, amma wannan bai dame ta ba, sau da yawa ma gyangyaɗi take yi a gabansa.

Inda matsalar take shi ne ranar Asabar da Lahadi da dare, lokacin da take kallon shirye-shiryen Hausa masu dogon zango na Arewa24, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Agogonmu yana gaban na Najeriya da awa 2, saboda haka abin da aka sa da ƙarfe 8 na dare a Kano, a nan ƙarfe 10 ne. Idan aka gama wajen ƙarfe 11, sai ta kira ƙanwarta da take Kano, su ɗauki shirin tun daga farko suna tsefe shi, wace ce ta yi wa mijinta rashin kunya, wane ne ya ci amanar wane, har sha biyu ta wuce. A lokacin zafi kuwa ƙarfe 4 da 'yan mintuna ake kiran Asuba a Makka, kuma ba ta komawa barci. Likita ya ce jininta yana hawa, ya kuma tambaye mu ko tana samun isasshen barci. Ga shi a falon nan yarana maza biyu suke kwana, kuma Lahadi da Litinin duk ranakun makaranta ne.

Na ce mata zan riƙa sa mata shirin washegari da rana ta intanet, sai ta ce ita ba ta cin ɗumame alhali ana tuƙa sabon tuwo. Ba na son in ɓata mata rai, ba na kuma son in zuba ido lafiyarta ta taɓu. Yaya kuke yi da naku iyayen?

Baban Yasir, Jidda

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya ba ki ladan ɗawainiya da ita.

'Yar'uwa, bayan bambancin agogo akwai bambancin mako, kuma shi ne ya fi matsa mana. Masu tsara shirye-shirye a Najeriya suna ajiye mafi kyawun abin da suke da shi a ƙarshen makonsu, wato Asabar da Lahadi, mu kuwa hutunmu Juma'a da Asabar ne tun shekarar 2013, lokacin da aka sauya shi daga Alhamis da Juma'a. Ke nan daren da iyali a Kano suke zaune hankali kwance, mu a nan muna guge kayan makaranta ne. Babu wanda zai gyara mana wannan, sai dai kowane gida ya nemi dabararsa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, nasa makon ƙwallo ce take raba shi. Ɗan Makka ne na asali, saboda haka Al-Wahda yake goyon baya ko tana ci ko ana cin ta, kuma ya bi Usama Hausawi tun yana yaro a ƙungiyar har ya zama kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Da Ahmed Musa ya zo Al-Nasr ta Riyad a wannan shekarar ta 2018, sai tsoho ya shiga tsaka mai wuya, domin ba ya ƙaunar ƙungiyoyin Riyad, amma kuma ba ya iya yi wa yaron mugun fata. Da azumi kuwa, a shekarun baya, ana gama buɗa-baki zai jawo kofin gahawa ya zauna wa wasan barkwancin Saudiyya, Tash ma Tash, wanda aka fara tun 1993, yana dariya har da tari. Mun taɓa ƙoƙarin rage masa kallon wasannin dare saboda irin dalilinki, sai muka lura cewa ranar da babu abin da yake jira, ko wanka ba ya ɗokin yi, abinci ma sai an lallaɓa shi.

Shawarata ita ce kada ki taɓa kallon. Ki sayi ƙaramin akwatin talabijin ki sa a ɗakinta, yara su samu falonsu. Sannan ki ajiye wasan Indiyan nan da kika ce bai dame ta ba, ranar Asabar da Lahadi ta yi ƙailula mai kyau bayan Azahar a kan gado, a kashe fitila, a rufe ƙofa, maimakon gyangyaɗin kujera. Dare biyu ne kawai a cikin bakwai.

Ummu Safiyya, Madina

Malam Baban Yasir, ka yi haƙuri, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Dare biyu a mako ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekara 70 da hawan jini, domin wanda ya kwanta bayan sha biyu ya tashi ƙarfe 4, barcin awa 4 ma bai samu ba, kuma barcin rana ba ya maye gurbin na dare gaba ɗaya. Sa mata akwati a ɗaki kuwa ina jin tsoron ya ƙara ɓata lamarin, saboda a falo aƙalla akwai idon mutane da kunyar jikoki, a ɗaki kuwa babu mai cewa Hajiya dare ya yi. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan Isha'i, duk da cewa malamai sun yi rangwame ga hirar da take da amfani, kamar ta ilimi ko ta iyali.

Amma ni abin da na karanta a cikin bayaninki, 'yar'uwa, shi ne Hajiya ba shirin take tsaron lokacinsa ba, ƙanwarta take tsaro. Matar da ta bar garinsu tana amarya, ta yi sama da rabin ƙarni a wata ƙasa, abin da zai haɗa ta hira da 'yar'uwarta kullum yana raguwa. Ba su san maƙwabtan juna ba, ba sa zuwa biki ɗaya, jikokin wannan Larabci suke yi, na waccan Hausa da Turanci. Shirin nan ya ba su mutanen da dukansu suka sani, waɗanda za su yi gulmarsu ba tare da sun ɗauki alhakin kowa ba. Idan kika sa mata shi washegari ita kaɗai, ƙanwar ta riga ta gani, hirar ta zama ta mai sani da marar sani, shi ya sa ta ƙi.

Saboda haka wadda za ki lallasa tana Kano. Ki kira Innar taku, ki gaya mata abin da likita ya ce, ki roƙe ta ita ma ta daina kallon dare, su haɗu su kalla tare washegari, ƙarfe 2 na rana a can, ƙarfe 4 a nan bayan La'asar, kowa da wayarta a gefe. Kuma kada ki ɗauka tsofaffi ba sa sauya ɗabi'a. Mahaifiyata ta kamu da wasannin Turkiyya masu fassarar Larabcin Sham tun zamanin da Nur ya tashe a 2008, har muna cewa ranar da aka daina sai an kai ta asibiti. Da tashoshin MBC suka dakatar da su a watan Maris na 2018, ta yi mita na ɗan lokaci, daga baya ta koma sauraron tsofaffin karatuttukan tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar a YouTube, kuma har yau a kansu take.

Ɗan Maiurno, Riyad

Ina yi muku sallama. Ni daga Sudan nake, aiki ya kawo ni nan shekaru da dama, kuma da na karanta tambayar sai na ji ina ma irin wannan matsalar ce a gidana.

Tsohuwata tana Khartum wajen ƙanwata lokacin da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, da ƙyar muka fito da ita ta Port Sudan. Kafin nan makonta mai sauƙi ne, labaran gidan talabijin na Omdurman da dare, sai kuma da azumi shirin waƙoƙin nan na tashar Nil Azrak, Agani wa Agani, wanda marigayi Sir Gadur ya daɗe yana gabatarwa kafin rasuwarsa a 2022. Da ta iso nan sai ta zama ba ta da Asabar ba ta da Talata, daga tashar labarai ta Aljazira sai ta Alhadas, tun safe har dare rimot yana hannunta, tana jiran a ambaci sunan wani gari da ta sani. Da faɗa ya kai Sinja a 2024, kusa da garinmu, sai da ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki, tana zaune dab da akwatin tana ƙoƙarin gane fuskokin mutanen da ake nunawa ɗauke da ƙullin kaya a ka.

Matata ce ta yi dabarar sa mata wasan Hausa, kuma abin ya karɓe ta ta hanyar da ba mu zata ba. Mu mutanen Maiurno jikokin waɗanda suka yi hijira ne daga arewacin Najeriya bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, suka zauna a gaɓar kogin Nilu, Hausar da take bakin tsohuwata kuwa ta kakanni ce, gauraye da Larabci. Ba ta taɓa taka Najeriya ba. Sai ga ta tana kallon tsakar gida da turmi da murhu, tana cewa haka gidan kakarta yake, tana kuma faɗa da 'yan wasan idan suka cusa Turanci a magana, wai su yi Hausa sosai a ji. Yanzu mun ƙayyade labarai sau ɗaya a yini, bayan Magariba.

Abin da zan ce miki, ƙanwata, ki gwada shawarar Ummu Safiyya, amma ki tafi a hankali, kada ki nuna wa Hajiya cewa kin ɗaure ta da maganar likita. Tsohon da yake da daren da yake ɗoki a mako, yana da abin da tsohuwata ta rasa sama da shekara guda.

'Yar Misfala, Makka

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Ɗan Maiurno, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya ƙara wa Iya lafiya.

Na kira Inna a Kano, kuma ta fahimce ni tun kafin in gama, domin ashe ita ma ta lura muryar yayarta tana yin nauyi idan hira ta yi nisa. Sai dai ta kawo uzuri biyu. Na farko, da rana ba kullum suke samun wuta a unguwarsu ba, da dare ne ake tayar da janareta, kallo ta waya kuma yana cin data da yawa. Na biyu, jikokinta suna kallo da dare, kuma ba za su iya riƙe bakinsu har washegari ba. Maganar data mai sauƙi ce, zan riƙa tura mata kuɗinta duk wata. Ta jikoki kuwa ta ce za ta gwada kora su gidan maƙwabta.

Abin da muka tsayar a yanzu shi ne a bar wa Hajiya daren Asabar yadda yake, tare da ƙailular da Baban Yasir ya faɗa, yara kuma su kwana a ɗakina. Na Lahadi su mayar da shi Litinin bayan La'asar. Inna ce za ta kawo mata maganar a matsayin buƙatar kanta, cewa ita ce idonta ba ya jure kallon dare.

Abin da ban san yadda zan yi da shi ba shi ne azumi. A Ramadan ana jinkirta Isha'i a nan zuwa awa 2 bayan Magariba, Hajiya kuma ba ta tashi daga gaban tarawihin Harami sai an yi wutiri, a goman ƙarshe ga tahajjudi, bayan La'asar kuwa muna kicin da sambusa da shurba, ita ma Inna tana kan kunu da ƙosai. Ummu Safiyya, ke da mahaifiyarki take bin tafsiri, wane lokaci kuke ba ta a cikin watan?