Da wane ma'auni za a auna waƙar da yaro ya tsara?

Malamar Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a aji biyar na firamare, kuma a makon jiya na sa ɗalibaina su rubuto waƙa a kan unguwarsu. Wata yarinya ta kawo baiti uku, inda ta ce wani kada ya fito daga Kogin Kaduna ya goya ta har gidan kakarta a Kawo, suka tarar ana kwasar tuwo, aka zuba masa nasa. Abokin aikina ya ce shirme ne, tunda babu wa'azi a ciki, amsa-amon kuma, wato sautin ƙarshen layukan, bai daidaita ba. Ni kuwa waƙar ta shiga raina, amma na kasa kare ta.

Dattijon Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam, Malama. Abokin aikinki ya auna ta da mudun rubutacciyar waƙar manya, alhali gidan waƙar yara na asali shi ne dandali. Waƙoƙin gaɗa da na tashe, wanda yara ke farawa idan azumi ya kwana goma, ba don wa'azi ake ƙaunarsu ba. Kari da amshi ne ke riƙe da su, da kuma jin cewa kowa yana cikin da'irar. Ki duba abin da yarinyar ta yi: ta ɗauko dabbar da ake danganta sunan garinmu da ita, wadda kowa ke tsoro, ta mayar da ita baƙon kakarta. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi ba mu taɓa tuhumar mai tatsuniya da ƙarya ba.

Ɗalibin Adabi: Baba, na yarda da kai, sai dai kada a yi watsi da amsa-amo gaba ɗaya, domin shi ne ke sa baiti ya zauna a ka, kamar yadda waƙoƙin Nana Asma'u suka zauna a kawunan 'yan taru, wato ƙungiyar mata ɗalibanta. Shawarata, Malama, ki sa ta rera waƙar ajin na tafa mata, kunnenta zai nuna mata ɗangon, wato layin, da ya yi ɗingishi.

Malamar Tudun Wada: Na gode ƙwarai. Mun rera ta yau, ta gyara ɗango biyu da kanta, sauran yaran kuma sun nace sai an ƙara baitin da kadan zai biya ta Rigasa ya ga jirgin ƙasa.