Bokeh da Hausa: dishi-dishi ko hazon baya?

Masu ɗaukar hoto na Birnin Kebbi da Argungu, ku matso. Ango zai shigo shago ya ce yana son hoton da bayansa ke narkewa, mu ce masa bokeh, ya ɗauka boka muka ambata. Ya kamata mu raɗa wa abin nan suna.

Asalin kalmar ta Japanawa ce, boke, wato dushewa. Mujallar Photo Techniques ta Amurka ce ta yayata ta a 1997, aka liƙa mata h a ƙarshe.

Wani ƙanenmu ya kawo "dishi-dishi". Ban karɓa ba. Dishi-dishi aibi ne, na ido ko na hoton da hannu ya yi rawa. Wa zai biya kuɗi a yi masa shi?

Sai wani dattijo da ya daɗe yana ɗaukar bikin kamun kifi ya ce: "Yaro, wanga abu ai hazo na. Na kusa shina fes, na nesa ya ɓace." Baba, Allah ya ƙara girma, ka gama magana. Hazon baya.

Amma a lura, bokeh ba yawan hazon ba ne, kyansa ne, kuma nan gilashin kyamara (lens) mai araha da mai tsada ke rabuwa. Tsohon gilashin Canon 50mm f/1.8 II ganyen ƙarfe 5 ke tsuke masa ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi ya shiga kyamara. Ka rage ƙofar zuwa f/4 (lambar f na ƙaruwa, ƙofar na tsukewa) a zauren biki, kowace fitila a bayan amarya za ta fito da kusurwa biyar. Wannan hazo ne mai kaushi. Samfurin STM da ya gaje shi a 2015 ganyensa 7, fitilun sun fi zagaye. Shi kuwa Canon 50mm f/1.2L ganye 8 ne, kuɗinsa ya ninka na STM kusan sau goma, hazonsa mai laushi. Kar dai a ce ya fi kaifi a kowane hali: ka buɗe ƙofarsa gaba ɗaya, gefen farar babbar riga a rana sai ya yi shuni.

A gaɓar Matan Fada da rana tsaka, a f/8, in an jera maka hotunan gilasan nan da ƙyar ka ware na mai tsada.

Wani ya ce ai gaba ma kan dushe. Gaskiya ne, sai a ce hazon gaba.

Saura aperture, wato ramin nan da haske ke bi. Na ajiye "ƙofar haske" a nan. Mutanen Gusau, in kuna da wadda ta fi, bismillah.