Musayar Waƙa: Ina Saɓani Ya Tsaya?

Ɗan Ƙofar Doka:
Malaman Zazzau, ga tambayata,
Ku warware min batun saɓani.
Wani ya yi ƙablu, wani ko sadlu,
Wane cikinsu ya bar addini?

Malam na Kona:
Ƙanena, babu wanda ya bar shi,
Fara da ware wurin saɓani.
Ɗauki shafar kai a alwala,
Kowa ya yarda tana Alƙur'ani,
Ma'ida, aya ta 6 ta kawo,
A gwargwado aka raba tunani.
Maliku ya ce a game dukan kai,
Abu Hanifa rubu'i ya yi nuni,
Shafi'i ya ce sashe ya wadatar,
Aya guda ce, uku ne bayani.

Malama ta Tudun Wada:
Malam, na yarda, amma da saura,
Ba duk ra'ayi ke hawa mizani.
Raka'a huɗu ce sallar azahar,
Mai cewa uku ba shi da izini.

Ɗalibin Samaru:
Baba Malam, a zaure haka ne,
A waya kuwa sai zagi da raini.
A yanko minti guda na karatu,
A jefa Facebook babu bayani,
Sharaɗin da mai wa'azi ya kafa
An datse shi, saura ya yi muni.

Malam na Kona:
Ɗana, ka mai da masa da zancensa,
Har sai ya ce, "I, ka fahimce ni."
Sannan ka nemi dalili nasa,
Hadisin ya inganta ko da rauni?
In ya inganta, saura fahimta,
Nan sahabbai suka bambanta tuni.
Shekara ta 5 ta Hijira, tafiyar Banu Ƙuraiza,
Kar a yi la'asar sai can, Manzo ya yi umarni.
Wasu suka yi a hanya don lokaci,
Wasu suka riƙe lafazin hani.
Da labari ya je wa Annabi (SAW),
Bai ce wa kowa an saɓa umarni.

Malama ta Tudun Wada:
Alwala taka ce kai kaɗai, Malam,
Idi na gari ne, ba na wani.
In Sarkin Musulmi ya sanar da wata,
Ko da lissafi ya ba ka yaƙini,
Kai hujjarka gaban kwamitin ganin wata,
Kar ka tsai da naka idin a wani yini.

Ɗan Ƙofar Doka:
To wanda ya gan shi da idanunsa,
Aka ƙi shaidarsa? Ku amsa mini.

Malam na Kona:
In na Ramadan ne, ya ɗau azuminsa,
Malikiyya sun ɗora shi kan gani.
In na Shawwal ne, kar ya ci a fili,
Sai an yi shela an ba da izini.