Dashen mangwarona na bushewa, a taimaka

Ɗan Daura: Salam jama'a. Na dasa mangwaro 6 a bayan gida bara da damina, yanzu tun shigowar Afrilu ganyen sai ƙonewa yake ta baki-baki, biyu sun riga sun tafi, ga ruwa sai na saya wurin 'yan garuwa. Wallahi abin na damuna, yaya zan yi?

Baban Yara: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Zafin nan yana wuce digiri 40, ban ruwan rana asara ne, ka bari sai bayan la'asar ko da asuba. Ka samo tulun ƙasa ka binne kusa da saiwa, bakinsa kawai a waje, ka cika ka rufe, a hankali zai riƙa tsatsowa, jarka ɗaya sai ta kai ka kwanaki. Sannan ka shimfiɗa karan dawa ko busasshiyar ciyawa kewaye da gindin.

Manomiya: Malam kar karan ya taɓa jikin itacen fa, gara za ta hau. Kuma kar ka sa takin zamani yanzu, ƙona shi zai yi, bari ruwa ya sauka.

Ɗan Daura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe zan nemo tulunan.