Firinta ɗaya a gida, amma kowa sai ya zo da kile a hannu

Baban Nana, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman agajinku, don abin nan ya fara hana ni barci, ba da wasa nake ba.

Ina da firinta HP LaserJet P1102. Tsohuwa ce, a hannu na saye ta shekara shida da suka wuce, kuma har yau ba ta taɓa ba ni kunya ba. Tana haɗe ta wayar USB da kwamfutar tebur da ke ɗakina, mai Windows 10 na Faransanci. A gida nake aiki, ina rubuta wa mutane takardun neman aiki da na kwangila. Uwargida malama ce a lise, laftof ɗinta Windows 7 ke ciki, ta kuma rantse ba mai taɓa mata shi. 'Yata Nana tana karatu a jami'ar Ngaundare, ta zo hutu da nata mai Ubuntu. Sai ƙanena da ke zaune tare da mu, shi MacBook ya riƙe. Dukanmu muna kan bokis ɗin 4G guda, Huawei, yana rataye a falo.

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: kowa ya tura takardarsa daga inda yake zaune, ta fito a ɗakina. Na shiga Propriétés de l'imprimante, na buɗe Partage, na sa alamar a raba ta. Ga abin da ya biyo baya. Na uwargida yana ganin firintar, amma da an ce ya haɗu sai ya fito da 0x0000011b. Na Nana ya karɓi takarda ya ajiye, ya ce yana jiran kalmar sirri, alhali kwamfutata ba ta da wata kalmar sirri, kunnawa kawai nake in shiga. Na ƙanena ya buga sau ɗaya ranar Talata, aka ɗauke wuta da daddare, tun daga nan bai sake ganinta ba.

Yanzu lokacin jarrabawa ne a makarantarsu. Jiya ina dawowa daga sallar asuba na tarar da uwargida tsaye a ƙofar ɗakina, kile ɗin USB a hannu, takardun aji uku. Kile ɗin kuwa ya zaga kwamfutocin malamai ya kwaso cuta, ina soka shi duk manyan fayil ɗina suka koma raccourci, wato alamar hanya kawai ba ainihin fayil ba. Rabin yini na kashe ina gyara. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Sani, Dang:

Wa alaikumus salam Baba. Matsala uku ce kake da ita, kowace da maganinta.

Kafin komai, duba a kwamfutarka ko rezo ɗin, wato haɗin na'urorin gidan, yana kan Public ko Privé, a Paramètres, Réseau et Internet. Idan Public ne, Windows na ɗaukar kamar a otal kake, sai ta rufe ƙofa. Mayar da shi Privé, ka kunna Découverte de réseau da Partage de fichiers et d'imprimantes.

Wancan 0x0000011b sananne ne. Ya ɓulla ne bayan sabuntawar da Microsoft ta fitar a watan Satumba na 2021, shekarar da aka yi ta fama da ramukan tsaro a sashen buga takardu, har aka sa wa ɗaya suna PrintNightmare. Kwamfutar da ke riƙe da firinta ta koma tana buƙatar a yi mata magana a ɓoye, Windows 7 kuma an daina yi mata sabuntawa tun Janairun 2020, ba ta koyi sabon salon ba. Maganin da kowa ke yi: a taka kwamfutar, ba ta Mama ba, ka buɗe regedit, wurin gyara saitin cikin Windows, ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Print, ka ƙirƙiri DWORD 32 bits mai suna RpcAuthnLevelPrivacyEnabled, ka bar shi a 0, sai ka kashe kwamfutar ka kunna.

Na Nana kuwa, Windows ba ta yarda a shigo ta rezo da asusun da ba shi da kalmar sirri. Ka buɗe sabon asusu na gida, ka kira shi firinta, ka ba shi kalmar sirri. Ita kuma ta saka smbclient, ta ƙara firintar da adireshi kamar smb://192.168.8.100/HP1102, ta ba da wannan suna da kalmar. Direban da zai yi mata, wato manhajar da ke fassara wa firinta takarda, yana cikin printer-driver-foo2zjs.

Alhaji Bukar, Njamena:

Sani, ɗana, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma gyaran gangar auzinawa za ka sa bawan Allah ya yi. Shekara goma sha ina wannan aiki a ofisoshi nan Njamena da Kuseri, na taɓa regedit ɗin nan ya fi a ƙirga. Yana aiki, ba na musu. Sai dai ka faɗa masa abin da 0 ɗin ke nufi: makullin da aka ƙara wa ƙofa ne ka cire. A gida, inda daga kai sai iyalinka, ba wani tashin hankali ba ne. Amma wata sabuntawar za ta zo, a sake sabon lale. Masu Windows 11 sun sha irin wannan da 0x00000709.

Malam Baban Nana, bari in fara da na ƙanenka, don shi ne mafi sauƙi kuma shi ne yaron ya tsallake. Ba Mac ɗin ne ya lalace ba. Bokis ɗinku shi ke raba wa kowa lamba, kuma idan wuta ta dawo, wanda ya riga zuwa shi ke ɗaukar ta farko. Ranar Talata kwamfutarka na iya zama 192.168.8.100, ranar Laraba wayar wani yaro ta riga ta, ita ta koma 103. Mac ɗin yana can yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ka tashi. Ka buga 192.168.8.1 a burauza, ka shiga sashen DHCP, ka ɗaure lamba ɗaya da adireshin MAC (lambar shaidar na'ura a rezo, ba kwamfutar Mac ba) na na'urar da ke riƙe da firinta. Idan bokis ɗinka ba shi da wannan wuri, ka rubuta wa kwamfutar lamba da hannu, wadda ke wajen jerin da yake rabawa, misali 192.168.8.50. A irin garuruwanmu da wuta ke zuwa tana tafiya, duk wanda bai yi wannan ba, ko wace dabara ya bi, kwana biyu za ta yi masa.

Yanzu ga shawarata ta gaske. Ka juya abin. Ka cire firintar daga Windows ka ba Ubuntu ta riƙe.

Dalili shi ne, idan Windows ce ta raba firinta ta hanyar SMB, salon rabawarta na asali, kowace kwamfuta sai ta zo da nata direban, ta fassara takardar zuwa yaren firintar kafin ta aiko. P1102 kuwa ba ta jin PCL, ba ta jin PostScript, yarukan firinta da aka saba, nata yaren daban ne, kwamfuta ce ke yi mata duk tunanin. Shi ya sa samo mata direba a sababbin Mac ke wahala. Amma tsarin da ke buga takardu a Ubuntu, CUPS, shi ne dai ke cikin Mac, Apple ma ta saye shi tun 2007. Idan CUPS ya raba firinta, yana magana da IPP ta ƙofa mai lamba 631, yana karɓar PDF, shi ya fassara da kansa. Direba ɗaya a wuri ɗaya. Yana kuma shelanta kansa a rezo ta Avahi, abin da Apple ke kira Bonjour, don haka Mac da iPhone za su gan ta ba tare da an saka musu komai ba. Wayoyin Android ma, daga na 8 zuwa sama, suna da nasu sashen bugawa da ke ganin irin wannan.

Aikin bai fi layi biyu ba da za ka rubuta a Terminal na Ubuntu, bayan ka tabbata Ubuntu ɗin yana bugawa ta USB:

sudo cupsctl --share-printers
sudo lpadmin -p HP1102 -o printer-is-shared=true

Inda na sa HP1102 ka sa sunan da lpstat -p ya nuna maka. Za ka ga wasu na cewa a ƙara --remote-any. Kada ka ƙara, ba ka da buƙatar wani daga wajen gidanka ya ga firintarka.

Na Hajiya, a Windows 7, a je Ajouter une imprimante, a ce wadda ake nema ba ta cikin jerin, a zaɓi ƙarawa da suna, a rubuta http://192.168.8.50:631/printers/HP1102. In ta tambayi direba, a shiga Generic a ɗauki MS Publisher Imagesetter. Sunan ba shi da alaƙa da HP, na sani, amma PostScript yake fitarwa, CUPS kuma ya iya da shi. Babu 0x0000011b a wannan hanya, don ba ta ƙofar da aka ƙara wa makulli ake bi ba.

Sani, Dang:

Na karɓi gyara Alhaji, na lambar nan kam ya wuce mini. Amma Nana za ta koma makaranta da laftof ɗinta. Firintar a jikin wa za ta zauna?

Malama Zainabu, Marwa:

Tambayar Sani ita ce tawa. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi a Domayo, kuma irin hanyar Alhaji nake bi shekara biyu ke nan. Wani tsohon laftof na samu wanda madannansa suka mutu, ƙanena ya sa masa Ubuntu, muka tura shi ƙarƙashin tebur. Amfaninsa, yana da batir, ko an ɗauke wuta ba ya mutuwa nan take, takardun da aka turo suna jira har firinta ta dawo. Yaya Baban Nana, ka duba gidan, ba a rasa irin wannan a cikin kwali.

Abu biyu suka ba ni wahala, gara ka sani tun yanzu. Da mun rufe murfin laftof ɗin sai ya yi barci, firinta ta ɓace wa kowa. Sai da aka shiga /etc/systemd/logind.conf aka sa HandleLidSwitch=ignore. Na biyu, akwai ranar da wayata ta ƙi ganin firintar ƙememe, na yi ta zargin laftof, ashe a kan wifi na baƙi nake, wanda na buɗe wa kwastomomi. Shi wannan an yi shi ne don kada na'ura ta ga 'yar'uwarta. Kowa ya hau wifi ɗaya, kuma in ka ga wani abu mai suna Isolation AP a bokis, ka kashe.

Sannan ka ɗaga laftof ɗin daga ƙasa, ka sa masa ko katako biyu ne. Zafin Maris da Afrilu na Garwa ka fi ni saninsa, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka.

Alhaji Bukar, Njamena:

Malama ta gama magana. Ƙari ɗaya: P1102 tana da wani abu da HP ta kira Smart Install, wani lokaci in ka soka ta sai ta nuna kanta kamar faifan CD maimakon firinta. Ubuntu yakan juya ta da kansa. In bai yi ba, ka kashe ta ka kunna tana soke.

Baban Nana, Garwa:

Jama'a, Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Ga yadda aka ƙare.

Na fara da na Sani, don gaskiya tsoron Ubuntu nake. Rezo ɗina kuwa Public yake, tun ranar da mai gyara ya sake mini Windows, ban taɓa lura ba. Na gyara, na yi regedit hannuna na rawa, na uwargida ya buga. Na Nana ma ya buga bayan na buɗe asusun. Mac ɗin ne ya tsaya: yana aikawa, fitilar firinta ta yi ƙyaf-ƙyaf sau biyu, shiru, ba takarda. Ƙanena ya ce direban da ya yi masa aiki ranar Talata ya goge shi da kansa garin gyara, ya kuma kasa samo shi.

Nan Nana ta ce, "Baba, ka bar ni in gwada na Alhaji." Muka zaro wani tsohon Dell na yayanta daga saman kwaba, gilashinsa ya tsage daga kusurwa, rabin fuskar baƙi ƙirin. Ta sa masa Ubuntu daga kile, tana leƙen rubutun ta gefen da ya rage, kanta a karkace. Bayan la'asar ta fara, kafin a kira magariba ta ce wa baffanta ya buɗe Mac ɗinsa. Bai rubuta komai ba, sunan firintar na zaune a jerin yana jiransa. Ya tura shafi ɗaya daga tsakar gida, muka ji ta tana ɗumi a ɗaki.

Wuri ɗaya muka yi tuntuɓe. A na uwargida na rubuta sunan da na ga dama a ƙarshen adireshin, ya ƙi. Ashe Ubuntu ya raɗa mata wani dogon suna da kansa, sai da Nana ta duba da lpstat -p muka kwafe shi harafi da harafi. Na kuma koma regedit na goge abin da na ƙirƙira, tunda kwamfutata ba ita ke rabawa ba yanzu. Lambar 50 na ba Dell ɗin. An ɗauke wuta sau uku tun ranar, kowa na bugawa. Malama Zainabu, katako biyu na sa kamar yadda kika ce, murfin ma an gyara.

Sai dai yara sun gano wayar uwarsu na ganin firintar. Shekaranjiya na shigo na tarar da hoton ƙwallo shafi goma sha ɗaya a kan tire, baƙi wuluk, har rubutu ya fara dishi-dishi a gefen dama. Katirijin 85A take ci. Wanda ya san inda ake ɗura gari mai kyau a Garwa, wanda ba ya zuba a cikin firinta, ya yi mini kwatance, don uwargida na da sauran aji biyu ranar Litinin.