Me za mu kira injin hobin da Hausa?

Malamin kanikanci: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa yaran Panteka masu zuwa ajin yamma yadda ake zaɓen injin hobin, kuma da Hausa ake son takardar. Na rubuta "injin yanka giya", to amma injin milin, mai sassaƙa ƙarfe da wuƙa mai juyawa, shi ma ai yana yanka giya. Sunan injin nake nema, da na wuƙarsa, wato hob. A taimaka kafin Juma'a.

Injiniya daga Kakuri: Wa alaikumus salam. Milin haƙori ɗaya yake fitarwa, a tsaya, a juya ƙarfen, a sake. Shi kuwa hob kamar sukuru yake, an tsattsaga zarensa ya zama wuƙaƙe, yana juyawa ƙarfen na juyawa tare da shi. In mai zare ɗaya ne, sai ya zagaya sau 40 kafin giya mai haƙora 40 ta zagaya sau ɗaya. Ni "wuƙar sukuru" zan ce.

Mai nazarin Hausa: Muna da magagari tun kaka da kakanni, a ce "magagarin haƙora". Sannan don Allah a daina rubuta "giya" a takardar yara, a rubuce ba a bambanta ta da barasa. "Faifai mai haƙora" ya fi.

Bakanike a Panteka: Malam, magagari da hannu ake gurza shi, hob kuwa juyawa yake yana fizgo ƙarfe. Ka zo nan ka nemi faifai mai haƙora ka ga wanda zai gane. Direba ma giya yake sawa.

Mai nazarin Hausa: Haka muke kashe harshenmu da kanmu. Tun 1897 Bajamushe Pfauter ya yi rajistar injinsa na hobin, har yau Jamusawa da harshensu suke kiransa.

Bakanike a Panteka: Su suka ƙera abinsu. Mu da ke gyara shi kullum kuma mu ne ba mu iya Hausa ba?

Injiniya daga Kakuri: Ku yi haƙuri, Malam na jira. Ko wane suna aka ɗauka, a gaya wa yaran hob ɗaya yana yanka giya komai yawan haƙoranta, muddin girman haƙori, wato modul, da kusurwa sun dace, galibi digiri 20. A milin sai da jerin wuƙaƙe 8 ga kowane modul. Hob ba ya yanka haƙoran cikin zobe. Mai sayen na hannu kuma ya duba iyakar faɗin da injin ke ɗauka, ya ƙirga giyoyin canji, wato waɗanda ake musanyawa a injin don saita adadin haƙora, don in sun yi giɓi akwai adadin haƙoran da ba zai samu ba.

Malamin kanikanci: Na gode, Injiniya. Na ɗauki "wuƙar sukuru". Injin kuma zan bar shi "injin hobin", in bi shi da bayani. Giya tana nan.

Mai nazarin Hausa: Wuƙar na yarda, duk da sukurun ma aro ne. Amma "hobin" ban karɓa ba, zan kawo wani kafin Juma'ar in sha Allah.