Kama da wane ba wane ba ne: wa ya dace ya fito a wasan makaranta?

Malamar Hausa, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina roƙon malamai su warware mini wata karin magana da aka faɗa mini a makon jiya. Muna shirya wa 'yan firamare wasan kwaikwayo a kan gubar dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, saboda ana kawo dutsen zinare cikin gida ana dakawa ana niƙawa a inda yara ke rarrafe. Na zaɓi wani dogon yaro mai kaurin murya ya fito a maigidan da ke kawo dutsen, domin ko ba a sa masa rawani ba ya yi kama da magidanci. Ranar gwajin farko sai ya tsaya ƙyam, idonsa a ƙasa, waɗanda ke layin baya ba su ji ko kalma ɗaya ba. Abokiyar aikina ta dube ni ta ce, "Kama da wane ba wane ba ne." Shin maganar ta dace da wannan wuri, alhali wasan kwaikwayo gaba ɗayansa a kan kama aka gina shi?

Tsohon hedimasta, Talata Mafara:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ta dace ƙwarai. Mu mun tashi muna jin ana cewa "kama da wane ba ta wane", wato kamar da ke tsakaninka da mutum ba ta mai da kai shi, ba ta ba ka halinsa ko iyawarsa. Abin da kika gani a jikin yaron sura ce, abin da dandamali ke nema kuwa murya ce da ke kaiwa nesa, da rashin jin nauyin idon jama'a, da iya riƙe magana a ka.

Ki dubi tashe a cikin azumi. Yaron da ke yin tsoho da gemu sau da yawa shi ne ɗan ƙaramin cikinsu. Ana manna masa auduga a haɓa, a ba shi sanda, ya ranƙwafa yana takawa da kyar, kuma duk gidan da suka shiga sai an yarda tsoho ne ya zo. Audugar kowa zai iya mannawa, takun ne ba kowa ba. Mutumin garinmu, Abubakar Tunau, wanda aka buga littafinsa Wasan Marafa a 1949, ya rubuta wasa ne na wayar da kai, kuma sa'ad da muke sa ɗalibai su yi irinsa, ban taɓa ba yaro matsayi ba sai na tsayar da shi a bakin fili na koma can ƙarshe na saurare shi.

Malamin firamare, Anka:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma ina da ja a wuri ɗaya. A gaban 'yan aji biyu da aji uku, kama tana da nata aikin. Idan ƙaramin yaro ya fito a uba, dogo ya fito a ɗansa, dariya ce za ta ɓarke, kuma kafin a tsawata saƙon ya wuce. A tashe dariyar ake nema, a nan kuwa maganar mutuwar yara ake yi.

Sai dai abin da ya sa na sa baki ya fi wannan nauyi. Ni a ganina wannan karin magana 'yan kallo ya fi kamata a karanta wa, kafin mai zaɓen 'yan wasa. Na taɓa sa wani yaro ya fito a ɗan shaye-shaye, ya yi abin da kyau har iyaye suka yi ta tafi. Washegari sunan ya bi shi aji, ya bi shi rijiya, ya bi shi har makarantar allo, kuma ya ɗauki zango guda yana zama shi kaɗai a bayan aji lokacin tara. Kuskuren nawa ne, domin ban tsaya na raba wa yaran tsakanin wanda ya yi kwaikwayo da wanda aka kwaikwaya ba. Tun daga nan, da zarar an gama wasa nakan jera 'yan wasan, kowa ya cire kayan da hannunsa a gaban jama'a, ya faɗi sunansa na gaskiya da ajinsa, sannan a tafa musu tare.

Game da wasanki kuma, Malama, ina roƙonki da girman Allah ki bincika kafin ki raba matsayi. A nan wajenmu akwai yaran da iyayensu haƙar zinare ce sana'arsu, akwai waɗanda aka binne ƙannensu a waccan shekara ko bayanta. Idan aka ba irin wannan yaro matsayin uban da ya jawo ciwo gida, kamar ta yi kusa da yawa, kuma abokansa ba za su ga wasa ba, gidansu za su gani.

Ɗalibi mai koyon aikin malanta, Maru:
Malamaina, ina neman ƙarin haske. Ashe "sai an gwada akan san na ƙwarai" ba ta fi dacewa da matsalar Malama ba?

Tsohon hedimasta, Talata Mafara:
Ɗana, taka tana gaya wa mutum abin da zai yi, ta abokiyar Malama tana gaya masa inda ya ruɗu. Ba sa karo. Malam na Anka kuwa ya tuna mini abin da na shekara talatin ban ba shi haƙƙinsa ba, domin kullum hankalina yana kan wanda zai iya, ban cika tambayar wanda abin zai yi wa ciwo ba. Na karɓi gyaran.

Malamar Hausa, Gusau:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan sake gwaji, in tsaya a ƙarshen fili kamar yadda Baba ya ce, kuma zan nemi mai matsakaicin tsawo domin kada dariya ta cinye saƙon. Dogon yaron ba zan cire shi ba, domin ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa zai fito; zan ba shi mai unguwa, wanda maganarsa jimla uku ce, in zauna da shi har ya iya ɗaga kai. Kafin nan zan bi malaman azuzuwa ɗaya bayan ɗaya in ji ko akwai yaron da danginsa ke can wajen haƙa.